Abin da ke riƙe mutum a wasannin gudu na waya

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa yara da manya suke manne wa wasanni irin su Temple Run da Subway Surfers, alhali ba su da wani labari, kuma komai daɗewar mutum yana gudu ba zai kai ƙarshensu ba. Na fara buga Temple Run 2 a 2013, shekarar da ya fito, a wayar Android ta farko da na mallaka, kuma har yau ban rabu da irinsu ba, saboda haka abin da na lura da shi a kaina zan faɗa maka.

A ganina, sirrin yana cikin yadda ake faɗuwa. Idan ka yi karo da jirgin ƙasa a Subway Surfers, mai gadi da karensa suka cafke ka, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi, domin ka san yatsanka ne ya makara da ƙiftawar ido, kuma zuciyarka tana raya maka cewa da za a sake, ba za ka maimaita kuskuren ba. Sakewar kuwa ba ta cin komai, taɓawa ɗaya ce ka koma farko. Ga shi gudun yana ƙaruwa sannu a hankali, ta yadda kullum kake faɗuwa daidai inda iyawarka ta tsaya, makin da kake son wucewa kuma naka ne na jiya. A nan ne "bari in ƙara sau ɗaya" take zama awa guda.

Sauƙin koyo ma yana taimakawa. Jan yatsa ne hagu, dama, sama ko ƙasa. Canabalt na 2009, wanda yake cikin na farko-farkon wannan salo, tsalle kaɗai ake yi a cikinsa. Ɗana ya iya Subway Surfers tun bai san baƙi ba, kuma ban yi mamaki ba da wasan ya zama na farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Google Play a 2018. Ba ya buƙatar data, shi ya sa ya zama abokin zamana a layin banki da kuma tasha kafin mota ta cika.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce in kalli talla ko in biya da makullan da ake tarawa a cikin wasan don a tashe ni bayan na faɗi, domin makin da aka samu ta haka ba na jin nawa ne. Tun da kuma wasan ba shi da wurin tsayawa, a gidana ba na ƙayyade wa yara mintuna. Faɗuwa biyar nake ba kowa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi wayar.