Na gaji da ATmega328P, kayan wane kamfani zan koma?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan koyo ne, da Arduino Uno nake ƴan haɗe-haɗena a gida, to yanzu memorin ta ya min kaɗan ga tsada. Kayan wane kamfani zan koma ba tare da na sake karatu daga farko ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiyarka, ATmega328P ɗin nan, wato cif ɗin da ke cikin Uno (ƙwaƙwalwarta), ta kamfanin Atmel, wadda Microchip ya saye a 2016, RAM ɗinta, wato memorin da take aiki da shi, 2KB ne kacal, kana saka ƙaramin sikirin na OLED da laburare biyu (kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta) shikenan ta cika.

Ni dai shawarata kar ka fara da kallon farashin cif, fara duba ko tana aiki da Arduino IDE, manhajar da kake rubuta kod ka loda wa Uno da ita, don nan ne wahalar take. Idan haka ne to zaɓinka biyu ne. Raspberry Pi Pico da ta fito a Janairun 2021 kan dala 4, cif ɗinta RP2040, RAM 264KB, kuma bayanan da kamfanin ya rubuta a kanta a fili suke ko ɗan koyo zai gane. Sai ESP32 ta Espressif da ke Shanghai, ita kuma WiFi da Bluetooth a jikinta suke, in burinka kunna famfon tanki daga waya ne to kar ma ka tsaya dogon tunani ita ce taka, sai dai karatun analog ɗinta, wato yadda take auna ƙarfin wuta, ba ya tafiya daidai sosai, in awon batir za ka yi sai ka gwada da mita ka gyara lissafin.

Amma fa ka kula da wannan, shi ne yake ƙona wa mutane kaya. Uno da 5V take aiki, waɗannan biyun kuwa 3.3V. Sensa irin HC-SR04 mai awon nisa 5V take fitarwa ta ƙafar echo, ka jona ta kai tsaye a Pico kana iya kashe fin ɗin, saka resista biyu su rage wutar tukuna.

Za ka ga ana tallar wani ƙaramin allo mai suna Blue Pill da araha wai cif ɗinta STM32F103 ce ta kamfanin ST. Da yawansu kwafi ne aka buga musu tambarin ST, musamman tun ƙarancin cif na 2021, wata ta ƙi karɓar kod wata USB ɗinta ya riƙa yankewa. In irin wannan layin kake so gara ka sayi GD32 ta GigaDevice da sunanta na gaskiya. CH32V003 ta WCH kuma kusan santi 10 na dala ce, amma sai ka sayi na'urar loda mata kod daban, bar ta sai hannunka ya faɗa.

Maganar wurin saye, shagunan intanet na DigiKey da Mouser kayansu na asali ne amma kuɗin aikowa zai fi kuɗin kayan in guda biyu kake so. LCSC ta Shenzhen ta fi sauƙi. In AliExpress ne nemi shagon kamfanin da kansa, kuma ka haɗa da guda biyu ko uku don ɗaya na iya ƙonewa a hannunka.