Tambaya da Amsa: Dafa Burukutu a Gida da Hatsarin Ruɓaɓɓiyar Dawa

Tambaya: Ina zaune a wani ƙauye kusa da Pankshin. Mahaifiyata ta rasu ta bar mini tukwanenta na dafa burukutu, kuma ina so in ci gaba da sana'ar. Na san yadda ake jiƙa dawa da yin tsiro, amma ina tsoron kada in makantar da wani kamar yadda ake cewa giyar gida tana yi. Akwai kuma buhu biyu na dawa da ruwan sama ya taɓa har suka yi fumfuna, maƙwabta sun ce in fara da su tunda wuta za ta kashe komai.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiyarki. 'Yar'uwa, tsoronki yana da tushe, sai dai ba inda hatsarin yake kika sa ido ba. Makantar da kike ji ana faɗi aikin sinadarin metanol ne, kuma dawar da yisti ya yi aiki a kanta ba ta samar da shi da yawan da zai cutar da mutum. Inda ake samun wannan masifa shi ne a barasar da ake turarawa irin ogogoro, musamman idan wani marar imani ya zuba mata sinadarin masana'antu don ta ƙara ƙarfi, kamar yadda ya faru a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a shekarar 2015. Muddin ba ki ƙara komai a tukunya ba, kuma ba ki yi amfani da gangar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fenti ba, wannan ba matsalarki ba ce. Ki kuma murje saiwoyi da ƙananan ganyen tsiro bayan ya bushe, ki sheƙe su kafin niƙa, domin a cikinsu ne tsiron dawa yake tara gubar sayanayid. Ba sai na tuna miki ba cewa a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci doka ta hana wannan sana'a.

Maganar buhunan nan biyu ita ce ta tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin masu dafa giya da masu kunun zaki. Hatsin da uwar gida ta ƙi tuƙa tuwo da shi, wanda ɗan kasuwa ya karya wa farashi saboda ya yi baƙi-baƙi yana warin danshi, shi ne ake turawa tukunyar giya, wai ai za a tafasa shi. Wuta tana kashe fumfunar, wannan gaskiya ne, amma ba ta lalata gubar da fumfunar ta riga ta zuba a cikin ƙwayar. Wannan guba, mai suna aflatoksin, ba ta fara rushewa sai zafi ya haura digiri 200, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ko da kin ƙarar da itacen ƙauyen gaba ɗaya. Tsami da kumfar yisti suna iya rage wani kaso, amma ba su mayar da gurɓataccen hatsi ya zama lafiyayye. Ga shi kuma aikin tsiro da kansa yana buƙatar a shimfiɗa dawa a jiƙe, a rufe ta cikin ɗumi na kwanaki, wato daidai yanayin da fumfuna take so ta yaɗu.

Aflatoksin hanta take ci. Idan ta yi yawa tana kisa cikin 'yan kwanaki, kamar yadda aka gani a gabashin Kenya a shekarar 2004, inda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Idan kuma kaɗan-kaɗan ake sha, sai ta yi ta aiki a ɓoye har ta kai ga sankarar hanta, kuma hatsarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Mai shan burukutu kullum da ma ya riga ya ɗora wa hantarsa nauyin barasa.

Abin da ya auku a garin Chitima na ƙasar Mozambik a watan Janairun 2015 ya fi kama da halin da kike ciki. An sha giyar gargajiya ta masara a wurin jana'iza, mutum 75 suka mutu, har da matar da ta dafa giyar. Nan da nan jita-jita ta bazu cewa maƙiya ne suka zuba matsarmamar kada, kafafen labarai ma suka ɗauka suna yaɗawa. Da aka gwada samfurin a ɗakin bincike, sai aka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ta yaɗu a garin masarar da ambaliya ta lalata, ta samar da gubar da ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma tafasawa ba ta karya ta. Haka muke yi a nan ma: a bar buhun da ke jingine a bango yana ɗigar ruwa, a tafi neman mayya ko kishiya.

Kada ki saurari masu cewa a jefa gawayi ko kanwa a tukunya za su tsotse guba, ko masu ɗura wa wanda ya sha manja da madara. Duk wanda ya fara amai, ciwon ciki mai tsanani, jiri ko idonsa ya yi rawaya bayan ya sha, asibiti za a kai shi nan take tare da ragowar abin da ya sha, a kuma sanar da sauran waɗanda suka sha daga tukunya ɗaya.

Buhunan nan ki binne su ko ki ƙone su. Kada ki ba kaji ko awaki, domin gubar tana bi ta nono ta dawo ga mutane. Ki sayi dawa sabuwa wadda ta bushe har tana ƙara idan kin ciza, ki ajiye ta a kan katako nesa da bango, ki tsince duk ƙwayar da ta canza launi ko ƙwaro ya huda. Idan tsiro ya yi kore ko baƙi a shimfiɗa, ki zubar da shi duka, kada ki tsince na sama ki ce na ƙasa lafiya yake.