Amsa ga mai tambaya kan gidan da ruwa ke ci a bakin kogin Haɗeja

Malam, ka ce gidanku da gonarku suna bakin kogi a yankin Auyo, ruwa ya shiga muku a 2020 da 2022, kuma kana tsakanin abu biyu: ko ka rushe ginin ƙasa ka tayar da na bulo a wurin, ko ka sayar da komai ku koma gari. Allah ya kiyaye gaba. Shawarata ita ce ka raba maganar biyu, domin gida daban, gona daban. Wurin kwana da rumbu da turken dabbobi su ne za su koma tudu. Gonar fadama kuwa kada ka sake ta.

Fara da gane wane irin ruwa ne ke cin ku. Idan ruwan sama ne ke kwanciya saboda babu mafita, ko an ɗaga titi an bar shi da ƙaramin kwalbati ya zama kamar madatsa, wannan yana da magani: a yanka magudana, a yashe kwalbatin, a yi ciko. Amma idan ruwan ya kan zo ne a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wani lokacin ma rana na haskawa ba hadari, to kogi ne. Ruwan Haɗeja daga Kano yake gangarowa, daga kogin Kano mai dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da kogin Challawa mai nasa dam ɗin na 1992. In damina ta yi ƙarfi suka cika suka tumbatsa, ruwan sai ya iso ƙasa mai shimfiɗa, ga yashi ya cike cikin kogi, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama gefe. Wannan ba aikin da mutum ɗaya zai gyara da shebur ba ne.

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ba sai ruwa ya kai taga ba. In ya tsaya iya ƙauri kwana biyu ko uku, tubalin ƙasa ya sha ya koma taɓo, nauyin sama ya danne shi, bango ya zauna, kuma sau da yawa cikin dare abin ke faruwa mutane na barci. Ka duba bangonku yanzu: in ka ga layin danshi da farin gishiri-gishiri, yaɓe na ɓarewa daga ƙasa, ko tsaga ta taso daga kusurwa, wannan ɗakin bai kamata a sake yin damina a cikinsa ba.

Bulo zai tsaya inda tubali ya faɗi, gaskiya ne, amma lissafa abin da zai ci. Daɓen ɗaki sai ya wuce alamar ruwa mafi tsawo da aka taɓa gani da aƙalla ƙafa biyu. Cikon kuma ba a zuba shi gaba ɗaya. Jar ƙasa ake sa wa kamar inci shida-shida, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara, in ba haka ba bayan shekara ɗaya daɓen ya lotsa ya tsage. Tushe da bulo inci tara, a cika ramukansa da kankare, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. Bulon kasuwa da ake fitar da arba'in ko fiye a buhun siminti ɗaya ba ya jure jiƙa. Na tushe kada ya wuce 25 zuwa 30 a buhu. To ka yi duk wannan, ɗaki ya tsira. Salga fa? Ta cika ta haɗu da rijiya, daga nan amai da gudawa ke farawa. Awaki da shanu suna tsaye cikin laka, kofato na ruɓewa. Macizai sun gudo inda ya bushe, wato ɗakinka. Hanya ta yanke, mai naƙuda sai kwale-kwale. Kuɗin da za ka binne a ciko kaɗai ya isa ya yi nisa wajen sayen fili a tudu.

Jinga tana taimako idan gari ne ya haɗu ya yi ta, kuma ana gyara ta tun rani. Buhun ƙasa rabi ake cikawa ko ɗan fi, ba a tumbatsa shi, a jera kamar yadda ake jera bulo, a tattake kowane layi, faɗin gindin ya ninka tsawon sau uku. Amma jingar da ta zagaye gida ɗaya tana tare ruwan sama a ciki, ruwan kogi kuma ya tsattsafo ta ƙarƙashi. Ranar da ta ɓalle, ruwan da ƙarfi yake shigowa.

Yanzu maganar sabon wuri, nan ne mutane suka fi yin kuskure, suna sayen fili a watan Maris lokacin da ko'ina a bushe yake. Je ka gan shi a ƙarshen Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Baƙar ƙasa mai laka da ke tsagewa da rani alama ce ruwa na kwana a wurin. Jigawa mai rairayi ita ke tsanewa. Haƙa rami kamar mita ɗaya da rabi, ka bar shi ya kwana, in ka tarar da ruwa a ciki to salgarka ba za ta yi ƙarko ba. Dubi jikin bishiyoyi da bangon makaranta ko masallaci, ruwa yana barin zane. Tambayi dattawa, ba mai sayarwa ba, inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. Sannan a yi ciniki a rubuce, gaban mai unguwa da dagaci, da shaidu daga maƙwabtan iyaka huɗu, a kafa alamar iyaka ranar. Ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar filin karkara, ka bi ta ka karɓa ko da za a ja ka. In wurin bai fi tafiyar minti ashirin ko talatin a babur daga gonar ba, ka dace.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara aiki bayan kaka, Nuwamba ko Disamba, da kuɗin amfani a hannu. Rumbu ko ɗakin ajiya shi ne farko, a ɗora buhuna kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Sai ɗakin kwana ɗaya ko biyu, sai salga, ita kuma ta yi nisan mita 30 daga rijiya kuma ta kasance ta gangare. Iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, saboda haka a riƙa ba gini ruwa safe da yamma har mako guda. Kwano da azara da ƙofofi da tagogin tsohon gida duk a cire a yi amfani da su. Zuwa watan Mayu iyali su tare. A tsohon wurin bar rumfa ko bukka ta ajiye kayan aiki, injin ban-ruwa kuwa a ɗauke shi tun farkon Agusta.

Dalilin da ya sa na ce kada ka sayar da gonar: ruwan da ke rushe gida shi ke kawo mata laka mai taki, kuma ruwan ƙasa yana kusa, rijiyar burtsatse gajera ta isa noman rani. Alkama, albasa, tumatur, shinkafar rani, nan kuɗin yake. Wanda ya sayar bayan ambaliya a farashin wulaƙanci yake sayarwa. Abin da za ka canza shi ne shukar damina. Masara da gero ba sa jure kwanciyar ruwa ko na kwanaki kaɗan, a kai su tudu. Shinkafa irin FARO 44 in ruwa ya rufe ta ruf kamar mako guda ta tafi, amma FARO 66 da FARO 67 an samar da su ne don su jure nutsewa har kusan mako biyu. Kuma kada ka zuba duk takin zamani da bashi a gonar da ka san tana iya nutsewa.

In gonar ta gado ce, kada ka yi motsi sai 'yan'uwa sun zauna, har da mata, an rubuta rabon kowa. In ba za ka iya nomawa daga nesa ba, ba da haya ta shekara-shekara a rubuce ta fi jingina, don jingina tana daɗewa har a manta mai asali. Tsofaffi kuma za su ƙi tashi, saboda kaburburan iyaye da gidan da aka haife su. Kada ka ce musu an bar gida. Ka ce za a yi damina a tudu a dawo da rani. Akasari bayan damina ɗaya su da kansu suke zaunawa.

Idan kuwa bana ba za ku samu tashi ba, saurari hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da na NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna da ambaliya, da ake fitarwa kafin damina, ka kuma sami wani a Wudil ko Ringim da zai kira ka in kogi ya fara hawa, don ta can yake bi kafin ya iso ku. Kafa sanda mai zane a bakin ruwa, ku yanke tun yanzu cewa in ya kai zane kaza yara da tsofaffi da dabbobi sun fita, da rana, ba jiran dare. Takardu a cikin leda, a rataye sama. Ruwa mai gudu ko iya gwiwa ne kada kowa ya ratsa shi.