Tambaya da Amsa: Shuka Abincin Barewa a Dajin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Jojiya ta Amurka. Ni da abokan aikina mun karɓi hayar wani daji don farauta, kuma akwai fili kamar eka biyu a tsakiyarsa. Mutanen nan suna shuka wa barewa abinci a irin wannan fili. Bara mun yafa waken soya, ya tsiro da kyau, amma kafin sati uku ko ganye ɗaya babu. Me ya faru, kuma me ya kamata mu shuka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wakenku barewar ce ta cinye shi tun yana ƙarami. Waken soya yana da rauni guda: idan aka gutsure kansa yana ɗan tsiro, ƙasa da ganyen farko, ba ya sake tohowa. A dajin da barewa ta yi yawa, eka ɗaya ko biyu na soya ba sa kai labari sai da shinge. Za mu dawo kan wannan, amma a fara daga ƙasa, don yawancin asarar daga nan take tasowa.

Ƙasar kudu maso gabashin Amurka, musamman inda itatuwan fayin (pine) suka daɗe, tsami gare ta. Ku ɗebi ƙasa daga wurare kamar goma a filin, zurfin santimita 10 zuwa 15, ku gauraya a bokiti, ku kai ofishin malaman gona na gundumarku. Jami'ar Jojiya tana gwaji a kan kuɗi kaɗan. Abin da ake nema shi ne ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kai 6 zuwa 7. Idan ya tsaya wajen 5, ko buhu nawa na taki kuka zuba shuka ba za ta ci rabinsa ba. Maganinsa garin farar ƙasa ta noma, kuma sau da yawa sakamakon gwajin kan ce a zuba tan 1 zuwa 2 a kowace eka. Farar ƙasa ba ta aiki nan take, tana ɗaukar watanni, saboda haka a zuba ta tun kafin lokacin shuka ya matso, a juya ta cikin ƙasa. A duba rana kuma: filin da bai samun hasken rana na awa biyar ko shida ba zai yi yabanya ba.

Sai zaɓen iri. Shekarar barewa kashi biyu ce. Daga bazara zuwa ƙarshen zafi, namiji yana fitar da sabon ƙaho, mace tana shayar da 'ya'ya, don haka ganye mai gina jiki suke nema. A nan shawararmu ita ce wake, irin namu na gida, wanda a can ake sayar da wani nau'insa mai yaɗo da sunan Iron and Clay. Yana jure fari, yana jure ƙasa marar ƙarfi, kuma idan ya ɗan yi ƙwari yana tohowa bayan an ci shi, abin da soya ke kasawa. Ku yafa kilo 22 zuwa 27 a eka, ku rufe shi zurfin santimita 2 zuwa 3, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ƙasa ta yi ɗumi. Ku haɗa da dawa kaɗan, kilo 2 a eka ya isa. Waken zai hau karan, karan kuma ya ɓoye wani sashe na tsiron daga bakin barewa. Idan dawar ta yi yawa kuwa, inuwarta za ta danne waken. Lablab, wani dangin wake mai yaɗo, shi ma yana yin aikin waken, kilo 9 a eka.

Kada ku manta da garin ƙwayoyin Rhizobium da ake shafa wa iri kafin shuka. Kowane dangin wake da nasa, na soya ba ya yi wa wake. Tone saiwa bayan wata guda: idan kun ga 'yan ƙulle-ƙulle, kuka fasa ɗaya kuka tarar da cikinsa jaja-jaja, to shukar tana samar wa kanta sinadarin naitirojin. Shi ya sa ba a zuba wa wake yuriya, ciyawa kawai za ta ƙara wa ƙarfi.

Kashi na biyu shi ne na sanyi, wanda ya zo daidai da lokacin farauta. A Jojiya ana shuka daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, a bi ruwan sama. Wanda ya yi gaggawa tun da zafi, tsutsar nan mai cin gona a dare ɗaya kan share masa fili. Haɗin da muka fi amincewa da shi a eka guda: alkama ko ot (hatsi mai kama da alkama) kilo 25 zuwa 30, da jar kuloba (clover, ciyawar kiwo dangin wake) kilo 5, da tanif ko radish (kayan lambu masu ganye da saiwa mai kauri) kilo 1. A fara rufe hatsin, sannan a yafa ƙananan irin a sama a danne da abin birgima ko tayar mota. Irin kuloba bai fi ƙwayar gero girma ba, idan ya nutse da zurfi ba zai fito ba. Tanif kuma barewa kan yi biris da shi sai sanyi ya sauka sosai, kar ku ɗauka ya gaza. Amma kada a maimaita shi a wuri ɗaya fiye da shekara biyu a jere, cutar saiwa tana taruwa.

Abu na ƙarshe, ku kafa ɗan keji na ragar waya, faɗin mita ɗaya, tsayi mita ɗaya da rabi, a tsakiyar filin. Idan shukar ciki ta kai gwiwa ta waje tana ƙasa, barewa ce ta yi yawa, sai ku faɗaɗa fili ko ku kewaye da wayar lantarki na sati shida na farko. Idan ta ciki ma ta tsumbure, matsalar ta ƙasa ce. Ku kuma karanta dokar farauta ta jihar kowace shekara, don hukuncin shuka abinci daban yake da na zuba masara a ƙasa.

Tambaya: Daga Zariya nake. Waɗannan iri za su yi wa awakina?

Amsa: Wake da lablab da dawa za su yi sarai, dama nan ne gidansu, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika tana kusa da ke, Hajiya, sun daɗe suna aiki a kan lablab. Kuloba kuwa sanyi da laima take so, kada ki kashe kuɗinki a kanta. Ki shuka lablab idan damina ta zauna, ki yanka lokacin da ya fara fure, ki shanya a inuwa don ganyen kada ya kakkaɓe, ki ajiye kamar harawa. Kada ki bar awaki su ci sabon tohon dawa, musamman bayan fari, yana da guba.