Kibod mara waya ga mai buga rubutu kullum

Ɗana, ka ce wata mai aikin buga takardu ta roƙe ka ka zaɓar mata kibod mai suwic, irin wanda ba shi da waya, ka duba ka ga sun yi maka yawa, shi ne kake tambaya ko ka ɗauki wanda ya fi fitilu da manyan lambobi a jikin kwali. Ajiye kwalin tukuna. Yawancin lambobin nan don masu wasan kwamfuta aka rubuta su, ita kuwa rubutu za ta wuni tana bugawa.

Fara da abin da ke ƙarƙashin yatsa. Kibod na gama-gari shimfiɗar roba ce guda a cikinsa, sai maɓalli ya dire ƙasa kafin harafi ya fito. Shi kuwa wannan, kowane maɓalli da nasa ɗan inji, wato suwic: sanda, sifirin, da 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa. A suwic ɗin Cherry MX, wanda wani kamfanin Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1980, maɓalli yana nutsewa milimita 4, amma harafi ya riga ya fita tun wajen milimita 2. Ka ga in hannu ya saba, ba sai an daka maɓalli har ƙasa ba. Wannan sauƙin ake saye.

Da launi ake bambanta su. Ja santsi ne, yana zarcewa babu tangarɗa, nauyin giram 45 ya ishe shi. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiyar tafiya, yatsa zai ji alamar harafi ya shiga. Shuɗi kuma tudu ne da ƙara, kas-kas-kas, ga shi ya ɗan fi nauyi. Ni dai ga mai rubutu ruwan ƙasa nake fara miƙawa. Ja yana cutar mai ɗora yatsu a kan maɓallai yana tunani, sai ya ɗago ido ya tarar da layin "jjjj". Shuɗi yana da daɗi ga mai shi, amma in akwai wani a ɗakin, ko tana amsa waya tana bugawa, ba za a kwashe lafiya ba. Kamfanonin Gateron da Kailh na ƙasar Sin su ma suna bin waɗannan launuka, kuma aikinsu ba abin rainawa ba ne, sai dai ruwan ƙasan wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Suwic kamar takalmi ne, ba a zaɓa wa mutum a bayan idonsa. Zaunar da ita ta buga sakin layi guda cikakke, kada ta tsaya a taɓa maɓalli ɗaya da ɗan yatsa.

Tana bugawa, kai ka kasa kunne ga dogon maɓallin tazara. Danna shi a can gefe, dama sannan hagu. Akwai wata siririyar wayar ƙarfe a ƙarƙashinsa da ke daidaita shi, haka a Enter da Shift. In ka ji kacau-kacau, ko gefe ɗaya ya riga ɗaya sauka, an yi ha'inci a wurin. Ɗan maiko yana rage shi, amma wanda aka ƙera da kyau ba ya bukata tun daga kwali.

To, batun rashin waya. Hanya biyu ce: Bluetooth, ko ɗan dongul da ake sokawa a ramin USB. Dukansu a zangon rediyo na gigahaz 2.4 suke magana. Za ka ga an rubuta dongul yana kai saƙo sau 1000 a daƙiƙa, Bluetooth kuwa wajen 125. Kada wannan ya ruɗe ka. Wanda ya fi kowa sauri a ofis da kyar yake wuce maɓalli goma a daƙiƙa. Abin da zai dame ta shi ne barci. Kibod yana kashe kansa don tattalin batir, kuma na Bluetooth wani lokaci sai ya ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya farka, harafin farko ko kalmar farko ta salwanta. Amfanin na Bluetooth shi ne yana riƙe na'ura kamar uku, ta sauya daga kwamfuta zuwa waya da maɓalli guda.

Kai a matsayinka na mai gyara, ga abu biyu da za su kawo maka shi kan benci. Kwamfuta tana tashi, kana ta danna F2 ko Del don shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, shiru. Ba lalacewa ya yi ba. A yawancin kwamfutoci Bluetooth ba ya aiki sai Windows ta gama tashi, alhali dongul kwamfuta kallon kibod mai waya take yi masa. Na biyu, haruffa suna tsallakewa ko suna makara. Leƙa bayan kwamfutar. Sau da yawa za ka tarar da dongul a ramin USB 3, mai shuɗin harshe, ko kuma maƙale kusa da wani faifan ajiya da ke aiki a irin ramin. USB 3 yana fitar da hayaniya daidai wannan zango, Intel ma ta yi bayaninsa a 2012. Mayar da shi baƙin rami, ko ka sa 'yar igiyar ƙari ka kawo shi kan tebur, magana ta ƙare.

Batir shi ne zai fara mutuwa, ba suwic ba. Cherry tana yi wa nata alkawarin dannawa miliyan 50 zuwa sama, batirin litiyam kuwa 'yan shekaru ne ya fara gajiya. Fitila ce ke cinye shi: Logitech da kanta ta ce kibod ɗinta MX Mechanical yana kwana 15 da fitila, wata 10 in an kashe ta. Don haka ka tabbata igiyar USB-C tana ɗaukar rubutu, domin a wasu caji kawai take yi, ranar da batir ya mutu kibod ya zama kwali. Juya shi ka ga ko da kusoshi aka ɗaure bayan ko da gam. Kuma duk wanda aka kawo maka yana rawa a kan tebur, cikinsa ya tasa, batir ne ya kumbura. Cire shi daga caji nan take.

Haka ka nemi wanda suwic ɗinsa ke cirewa ba sai an narka dalma ba. Wata rana maɓalli ɗaya zai fara ninka harafi, a danna "t" ya ba da "tt". In mai cirewa ne, ka zare hular maɓallin, ka kama suwic da ɗan matsefinsa sama da ƙasa, ka ja. Kafin ka sa sabo, duba ƙafafun tagulla biyun nan su miƙe sak. In ka ji ya cije, kada ka tilasta. Ƙafa ce ta lanƙwashe, kuma ƙarfi zai iya ɓalle soket daga allon.

Girma kuwa aikinta ne zai faɗa. In tana shigar da lissafi, cikakke mai maɓalli 104. In rubutu ne zalla, mai 87 ko 84 ya wadatar, maus ma ya matso kusa da kafaɗa. Ƙaramin nan mai 61 kyau ne da shi a hoto, amma ba shi da kibiyoyi da Delete a fili, mai gyaran rubutu zai sha wuya. Duba ma ko akwai Alt na dama, domin wasu ƙananan sun maye gurbinsa da Fn, alhali tsare-tsaren rubutu da yawa a ƙarƙashinsa suke ajiye ƙarin haruffa irin ɓ, ɗ da ƙ. Hulunan maɓallai in da hali na robar PBT, na robar ABS suna sulɓi da ƙyalli in an daɗe ana murza su. Irin wannan kibod yana da tudu, in wuyan hannunta na ciwo a nemi mai gajeren suwic ko a sa matashi a gabansa.

In ya iso, kada ka miƙa mata a kwali. Jona igiya ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, sannan dongul, sannan Bluetooth. Bar shi ya yi barci, ka dawo ka buga kalma ka ga ko ta fito cikakkiya.