Hukuncin gangamin fallasa cin hanci wajen yankar lambar mota

TAMBAYA: Malam, mu direbobin haya ne da 'yan Keke Napep a Kaduna. Idan mutum ya je yankar lamba ko sabunta takardu, sai a ce ya ƙara "na goro" a kan abin da ke rasit, in ya ƙi fayil ɗinsa ya yi ta kwana. Muna son mu liƙa kwafin rasit a motocinmu tare da adadin da aka karɓa a hannu, mu kuma shirya gajeren wasan kwaikwayo mu sa a Facebook. Wasu sun ce giba ce da tayar da fitina.

AMSA: Bismillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Abin da ake karɓa a hannunku rashawa ce, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Wanda aka tilasta ya biya don ya karɓi hakkinsa, malamai da yawa sun ɗora zunubin a kan mai karɓa kaɗai.

Bayyana wannan zalunci halas ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen faɗin abin da aka yi masa. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a wajen Abu Dawud: wani ya kai ƙarar maƙwabcinsa, aka ce ya yi haƙuri, da abin ya ci gaba sai Annabi (SAW) ya ce ya fitar da kayansa bakin hanya. Duk mai wucewa ya tambaya ya ji dalili, har maƙwabcin ya zo yana roƙonsa ya koma gida. Rasit a jikin mota irin wannan ne. Saɓanin malamanmu ya fi ƙarfi a kan zanga-zangar da ke cika titi, ku kuwa ba ita kuka tambaya ba.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne tabbatarwa, kamar yadda Hujurat, aya ta 6, ta umarta. Sau da yawa wanda ya karɓi kuɗin ɗan kamasho ne da ke bakin ƙofa, in kuka ɗora wa ma'aikaci laifinsa kun yi ƙazafi. Kowa ya riƙe rasit na asali, ya rubuta rana, adadi da wanda ya miƙa wa kuɗin. Don tabbatar da takardunku ba jabu ba ne, ku duba lambar motar a shafin tantancewa na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC), inshorar motar kuma a rumbun bayanan kamfanonin inshora na intanet (NIID). Inshorar mota ta gida mafi ƙanƙanta Naira 15,000 ce tun Janairun 2023, mai irin wannan mota da aka yanka masa ta dubu uku ya yi zargin jabu ce. Ku fara kai koke a rubuce ga shugaban ofishin da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, ku karɓi kwafi mai hatimi.

A kwafin da za ku liƙa, ku shafe suna, adireshi da lambar chassis, don masu jabun takardu su suke nema. Ku sa shi a gefe, kada ya tare wa direba gani, kada kuma ya rufe lambar mota. A wasan kwaikwayon a nuna yadda ake karɓar kuɗin, ban da kwaikwayon tafiyar wani ko zagin iyayensa ko ƙabilarsa. Tare hanya a Kawo ko Kasuwar Barci bai halatta ba, domin marar lafiya da ɗan makaranta ne za su sha wahalarsa.

Wallahu a'alam.