Mun hana Baba zuwa kasuwa, sai jikinsa ya ƙara mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 74. Bara a likita aka ce yana da hawan jini, sai muka ce ya bar rumfarsa ta Kasuwar Dole ya zauna gida, mu ɗauke masa komai. Tun lokacin ba ya cin abinci sosai, ƙafafunsa sun yi sanyi, magana ma sai an ja shi. Yana shan maganinsa kullum. Ina muka kuskure? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maku da alheri kan kula da mahaifi, sai dai hutun ya yi yawa. Rumfar nan ba kuɗi kaɗai take ba shi ba. Ita ce tafiyarsa ta safe, gaisawa da abokan zama, lissafi, da dalilin sa riga a fita. Naman jikin tsoho kuwa idan ba a motsa shi, zubewa yake da sauri, dawo da shi kuma sai an sha aiki.

Ku fara kai shi CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa, mafi kusa. A auna tansiyo bayan ya zauna minti 5, a sake aunawa yana tsaye, don wani maganin kan sa jini ya faɗi idan an miƙe, jiri ya kwashi mutum. A duba suga da ƙarancin jini. Abin nema a awon tansiyo shi ne ƙasa da 14/9, wato 140/90. In ya kai 18/11, ko yana ciwon ƙirji ko haki, kada ya fara motsa jiki sai lokotoro ya gan shi.

In an ba da izini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 kwana biyar. Kada a fara da haka. Minti 10 ya isa a makon farko, zuwa masallaci da ƙafa, a riƙa ƙarawa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce 40, ya fita bayan asuba ko dab da magariba, da ruwa a hannu. Lungunan Birni akwai duwatsu da ramuka, don haka a ba shi takalmi mai kama dunduniya da sanda, a bar silifa. A gida, a jingina kujera mai ƙarfi da bango, ya tashi ya zauna sau 10, safe da yamma. Wannan ke riƙe cinya, ya rage faɗuwa.

Batun abinci, ku duba bakinsa tukuna. Sau da yawa haƙori ne ya hana, tsoho kuma ba ya faɗa. A ba shi mai laushi mai gina jiki: wake da ya nuna lugub, ƙwai, fura da nono ba suga da yawa, kopto na zogale. Gishirin yini duka kada ya kai cokalin shayi ɗaya, gram 5, kuma magi, kanwa da yajin da aka daka da gishiri duk suna cikin lissafin. Daddawa da tafarnuwa za su riƙe ɗanɗanon miya. Kada a saya masa maganin ciwon gaɓoɓi wajen masu talla, don irin su diclofenac suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda.

Abin da muka fi so ku kama shi ne shirun nan. Ku daina aika masa kwano ɗaki. Ɗayanku ya zauna su ci tare. Ku gwada jinsa, don wanda kunne ya yi wa nauyi yakan janye daga hira. Ku mayar da shi rumfa awa biyu da safe, yaro ya yi ɗaukar kaya, shi ya riƙe ciniki. In aka yi mako biyu yana nan shiru, barci ya lalace, ba ya marmarin komai, ku gaya wa lokotoro ƙarara, domin ciwon damuwa yana kama tsofaffi kuma yana da magani.